Niger Tornadoes: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Ranar Lahadi, 27 ga watan Afrilu na 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jihar Neja, watau Niger Tornadoes, ta je garin Ikenne da ke Jihar Ogun, kusa da Shagamu, ta kara da Remo Stars. An tashi wasa Remo Stars tana da ci ɗaya, Tornadoes tana nema. Da wannan ci ɗaya ne Remo Stars ta zama zakarar gasar lig ta Nijeriya, karo na farko tun da aka kafa ta. Duk ɗan Arewa mazaunin unguwar Sabo ta Shagamu, ko Agege, ko Sabon Badun, wanda ya ji wannan labari, ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kansa.

Dalili kuwa shi ne, ƙungiyoyin nan biyu tare suka faɗa rami, tare kuma suka fito. A 2019 suna rukuni guda, aka kuma koro su tare zuwa gasa ta biyu. A 2021 suka sake hawowa tare, su da Shooting Stars ta Badun da Gombe United. Daga nan ne hanya ta rabu. Remo Stars ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, sa'an nan ta ɗauki kofi a 2025. A cikin waɗannan shekaru huɗu Tornadoes ba ta shiga sahun ukun farko ba ko sau ɗaya.

Masu sha'awar ƙwallo sukan ɗora irin wannan a kan alƙalan wasa, ko a kan rashin sa'a. Ba a musun cewa waɗannan suna da nasu rabo. Amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa ƙungiya takan ci kofinta, ko ta haƙa raminta, tun a watannin hutu, lokacin da filaye suke a rufe, ba kowa a kan benci. A shekarun baya-bayan nan ana gama gasa wajen watan Mayu ko Yuni, a koma wajen Agusta ko Satumba. Hutun ya faɗo daidai cikin damina ke nan, kuma kowane manomi ya san abin da mutum ya yi da damina shi zai gani da kaka.

Al'adar share gida

To, mene ne akan yi da wannan hutu a yawancin ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi suke riƙe da su? Kowa ya sani. Da zarar an gama gasa ba a ji daɗi ba, sai a kafa kwamiti. Kwamiti ya sallami koci. Sabon koci ya zo da nasa yaran da ya saba da su a inda ya baro. A liƙa sunayen waɗanda aka kora, har da waɗanda suka yi wa ƙungiya hidima da gumin goshinsu. Sa'an nan a yi shelar gwaji, samari su cika fili, a duba su kwana uku ko huɗu, dillalai suna kai da kawowa, manya kuma suna aiko da 'yar takarda a ba wane dama. Kuɗin gwamnati ba ya fitowa sai ana saura mako biyu ko uku a fara gasa. A nan ne za a shiga sansani a gurguje, da mutanen da ba su ma gama sanin sunan juna ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwallon ƙafa wasa ne na sabo. Mai tsaron gida yana bukatar ya san wanne daga cikin 'yan bayansa ne yake da nauyin jiki, domin ya fito ya tare masa. Ɗan tsakiya yana bukatar ya san inda ɗan gaba zai ruga tun kafin ya ɗaga kai. Ba a sayen wannan a kasuwa. Sai an yi wata da watanni ana cin tuwo tare, ana shan wuyar hanya tare a cikin mota daga Minna zuwa Uyo ko Fatakwal. Ƙungiyar da take sake mutum goma sha biyar ko ashirin kowace shekara, kullum sabuwa ce. Kafin yaran su fahimci juna an ci rabin gasa, ana kuma lissafin makin da zai hana faɗuwa. Idan an tsira da ƙyar, sai a sake share gida, a koma gidan jiya.

Tarihin Tornadoes da kansa ya isa shaida cewa ba gwanaye ta rasa ba. A 2000 ta ci Kofin Ƙalubale, ta doke Enugu Rangers da ci ɗaya da nema. A 2017 ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi a filin Agege da ke Ikko, aka tashi ba ci, Akwa United ta yi galaba a bugun fanareti da ci 3 da 2. A 2019 ta sake kai wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, nan ma aka tashi ba ci, Kano Pillars ta ɗauka a fanareti da ci 4 da 3. Mai karatu ya lura: a wannan shekara ta 2019 ne aka koro ta daga gasar lig. Watau ƙungiya guda, a shekara guda, ta kusa ɗaukar kofin ƙasa, ta kuma faɗi. Ba abin mamaki ba ne. Kofin Ƙalubale wasanni ne kaɗan, zuciya da sa'a sukan kai mutum. Lig kuwa, a shekarar da aka yi ta cikakkiya, wasa 38 ne tsakanin ƙungiyoyi 20, huɗun ƙarshe su faɗi. Doguwar tafiya irin wannan sai mai guzuri.

Yadda ake yi a Amurka

Akwai darasi a wata ƙasa mai nisa, a wani wasa dabam. Mutanen Amurka suna da tasu ƙwallo, mai siffar gwanda, wadda ake runguma a ruga da ita, ana gwabza ƙirji da hular kwano a ka. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. A can, hutu aiki ne mai tsari da ranaku. A watan Maris ake buɗe cinikin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. A ƙarshen Afrilu ake rabon samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar da ta wuce ita take fara zaɓe. Tun 1936 suke wannan rabo. A ƙarshen Yuli ake shiga sansani da mutum har 90, a tace su zuwa 53 kafin a fara gasa a Satumba. Daɗin daɗawa, tun 1994 aka yanke iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, wanda a 2025 ya kai dala miliyan 279.2, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka.

A cikin ƙungiyoyin nan akwai Detroit Lions, wadda ta daɗe tana zaman abin dariya. A 2008 ta buga wasa 16, aka cinye ta a duka 16. A farkon 2021 mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, ta ɗauki Brad Holmes ya zama manaja mai kula da ɗaukar 'yan wasa, ta ɗauki Dan Campbell koci, aka ba shi kwantiragin shekara shida. Abu na farko da suka yi shi ne suka ba Los Angeles Rams babban tauraronsu, Matthew Stafford, suka karɓi Jared Goff tare da damar zaɓen samari uku, biyu daga ciki a zagayen farko. Watau sun sayar da sa guda sun sayi maruƙa. A rabon wannan shekara suka ɗauki Penei Sewell a zagayen farko, suka tsinci Amon-Ra St. Brown a zagaye na huɗu bayan sauran ƙungiyoyi sun yi ta tsallake shi. A 2022 suka ƙara da Aidan Hutchinson.

Amfanin bai zo nan da nan ba. A 2021 sun buga wasa 11 na farko ba su ci ko ɗaya ba, suka ƙare da nasara 3 kacal a wasa 17. A 2022 suka fara da nasara ɗaya a wasa bakwai. A nan ne 'yan kallo suka fara kiran a kori koci, amma mai ƙungiya ta fito fili ta ce tana nan a kan shirinta. Suka ƙare shekarar da nasara 9. A 2023 suka ci 12, kuma a watan Janairu na 2024 suka ci wasansu na farko a zagayen kifa ɗaya kwala cikin shekara 32. A kakar 2024 suka ci 15 daga cikin 17. Ba su ɗauki babban kofi ba a waɗannan shekaru, amma ƙungiyar da ake yi wa dariya ta zama wadda ake shakka. Da a ce a ƙasar nan ne, da an sallami Campbell tun wasa na biyar, kuma ba wanda zai san abin da aka yi asara.

Masu cewa ba daidai ba ne

Wani zai ce wannan kwatanci bai yi ba, kuma yana da hujja. A NFL ba a korar ƙungiya zuwa gasa ta biyu, saboda haka tana iya haƙuri da shan kashi na shekara biyu. A Nijeriya wanda ya yi haka ya faɗi. Ba kuma a ba na baya damar fara zaɓe. Haka nan za a ce Remo Stars ta attajiri ɗaya ce, Kunle Soname, wanda yake yanke shawara shi kaɗai ya biya daga aljihunsa, alhali Tornadoes ta gwamnati ce, sai takarda ta bi ofis-ofis kafin kwabo ya fito.

Duk wannan gaskiya ne, amma ƙarshensa ya ƙara ƙarfafa maganar ne. Tun da faɗuwa tana nan, wanda ya rushe ƙungiyarsa kakaf kowace damina shi ya fi kowa kusa da ramin. Tun da ba rabon samari daga jami'a, tilas kowace ƙungiya ta yi nata renon. Abin da Remo Stars ta yi ke nan. Ta gina filinta a Ikenne, ta kafa makarantar yara mai suna Beyond Limits, ta kuma bar Daniel Ogunmodede a kan kujerar koci tun 2022 har ya kai ta ga kofi, ko da yake sau biyu yana zuwa na biyu. Batun kuɗi kuwa, jihar da take iya biyan kuɗin sa hannu na baƙi ashirin kowace shekara ba za ta ce ba ta da abin riƙe yaran da take da su ba. Abin da ya rage shi ne a san inda ake zuba kuɗin, da lokacin da ake sakinsa.

Kano Pillars ma ta nuna haka. Kofunanta uku a jere, na 2012 da 2013 da 2014, ta ci su ne da ginshiƙan da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali. Da ta faɗi a 2022, shekara guda ta yi ta dawo a 2023. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kaza a kan dami

Saura babbar tambaya: idan za a cike gurbi, daga ina za a ɗebo? A nan ne maganar ta zo kan Bagama.

Bagama unguwa ce a cikin garin Suleja, mai yawan jama'a har an raba ta mazaɓa biyu, A da B. Suleja kuwa ita ce asalin Abuja. Ita ta bar wa sabon babban birnin tarayya sunanta bayan da aka tsai da shawarar gina shi a 1976, kuma tun daga lokacin take ɗaukar nauyin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suke wuni a Abuja su kwana a Suleja. Gari ne da ya tara Hausawa da Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarabawa da Ibo, 'ya'yansu kuma sun tashi tare a layi guda. Duk inda aka sami ɗan fili a irin wannan unguwa, ko harabar makaranta, da la'asar za a tarar da yara sun kafa duwatsu biyu suna taka leda. Da dare kuma suna gidan kallo, sun san sunan kowane ɗan wasa na Ingila da Sifen.

Abin tambaya shi ne, yaro nawa ne a Bagama zai iya lissafa 'yan wasa biyar na ƙungiyar jiharsa? Laifin ba nasa ba ne. Daga Suleja zuwa Minna tafiyar kusan kilomita ɗari ce, Abuja kuwa tana bakin ƙofa. Bugu da ƙari, a shekaru da dama Tornadoes ba ta buga wasanninta na gida a filin Bako Kontagora na Minna ba, sai a aro, wani lokaci Lakwaja, wani lokaci Kaduna. Yaron da bai taɓa ganin ƙungiya da idonsa ba, ba zai yi mafarkin sa rigarta ba. Idan gwani ne, ƙafarsa Abuja za ta kai shi, ko Ikko, ko hannun wani dillali da zai sa iyayensa su sayar da fili a kan alkawarin Turai. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, tana da ƙananan hukumomi 25. Ba zai yiwu a ce daga Suleja zuwa Bida, daga Kwantagora zuwa Borgu, ba a samun yara biyar a shekara waɗanda suka isa a rena ba. Kuma renon yaro ba sadaka ba ne, jari ne. Dokar hukumar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Amma sai wanda ya yi wa yaro rajista da sunansa yake da rabo. Ahmed Musa yana ɗan saurayi ya zo Kano Pillars daga Jos, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Holan, ya zama kyaftin ɗin Nijeriya daga baya. Irinsa ba su ƙare ba. Masu neman su ne suka yi ƙaranci.

Abin da ya kamata

Na farko, kafin a yi maganar sabon ɗan wasa, a biya tsohon. Duk albashi da alawus da ake bin ƙungiya a sauke shi a makon da aka gama gasa. Ɗan ƙwallo magidanci ne kamar kowa, kuma labarin inda ake biya da inda ba a biya yana yawo a tsakaninsu fiye da labarin jarida.

Na biyu, a zauna da koci a fitar da ginshiƙai: mai tsaron gida, 'yan baya biyu na tsakiya, ɗan tsakiya mai riƙe wasa, da mai cin ƙwallo, tare da wasu kamar goma na kusa da su. A ba su kwantiragin shekara biyu ko uku a rubuce. Ta haka idan wata ƙungiya tana so, sai ta saya, ba ta ɗauka a banza ba.

Na uku, sayayya ta zama ta cike gurbi. Idan ƙwallo ake zura wa ƙungiya da ka, a nemo dogon ɗan baya. Idan ci ne ya gagara a waje, a nemo mai gudu. Mutum biyar ko shida da aka bi wasansu shekara guda sun fi ashirin da aka gani kwana uku.

Na huɗu, a ba koci wa'adi na gaskiya, a kuma raba aikinsa da na shugabannin siyasa. Mai naɗa koci ya naɗa, sa'an nan ya bar shi ya zaɓi yaransa, ya kuma ɗauki alhakin zaɓinsa.

Na biyar, a kafa gasar ƙananan hukumomi 25 ta 'yan ƙasa da shekara 17, a riƙa yin ta da rani, a gama kafin hutu, masu horarwa na Tornadoes suna zaune a bakin fili da takarda da alƙalami. Waɗanda aka zaɓa su shiga ƙaramar ƙungiya, a haɗa musu da karatu. A lokacin sansani kuma babbar ƙungiya ta zo Suleja da Bida da Kwantagora ta yi wasannin sada zumunci, yara su gan ta.

Na shida, gwamnati ta saki kuɗin shiri a farkon hutu. Naira ɗaya a watan Yuni ta fi naira biyu ana gobe za a fara gasa.

Rabon mazauna Kudu

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda ake zato. Duk ranar da ƙungiyar gida ta zo Ikko ko Badun ko Aba, mai sayar da goro da mai canji da direban tirela da mai gadi su ne suke rufe sana'a su je su tsaya mata. Idan an ci, su ake yi wa barka a kasuwa. Idan an sha kashi, su ake yi wa tsiya har mako ya zagayo. Saboda haka suna da bakin magana. Ƙungiyoyin 'yan asalin Jihar Neja da ke Kudu, da sarakunan Hausawa na unguwanni, suna ganawa da manyan jiha idan sun zo. Ya kamata a cikin buƙatun da ake miƙawa a sa wannan: a daina rushe ƙungiya kowace shekara. Haka kuma attajiran da Allah ya buɗa wa a Kudu, ɗaukar nauyin gasar yara a unguwa irin Bagama, da riguna da ƙwallaye da ɗan abin sufuri, bai kai kuɗin bikin aure guda ba. Su ma 'ya'yan Sabo da aka haifa a Kudu, waɗanda suke taka leda a Agege da Idi-Araba, 'yan gida ne, a tuna da su ranar zaɓe.

Sai dai 'yan kallo su ma da nasu gyaran. Wanda yake neman a yi gini mai ƙarko ba zai riƙa ihun a kori koci ba duk ranar da aka yi canjaras a gida. Masu mulki suna jin wannan ihu, shi ne kuma yake ba su hujjar share gida.

Ana yi wa Tornadoes kirari da 'Yan Ikon Allah. Ikon Allah gaskiya ne, amma Allah bai hana bawa shiri ba. A riƙe na hannu, a biya su hakkinsu, a nemo ƙannensu a Bagama da sauran unguwanni, a kuma ba aikin shekara uku kafin a yanke masa hukunci. Allah ya ba shugabanni ikon yin haka, amin.